Rigar Baba a Jikin Goggo

Ko kun taɓa jin sautin ƙwarya idan aka kifa ta cikin daro mai ruwa aka buga ta da ludayi? Ba amon ganga ba ne, ba kuma na turmi ba. Wani dum-dum ne mai taushi wanda ba ya tsallake katanga. Kwanan baya jikar maƙwabciyata tana wasa a bakin famfo ta fitar da shi ba da niyya ba, na tsaya da tsintsiya a hannu har ta gaji ta bari. Da wannan sautin matan gidanmu suke buɗe wasansu, kuma don ba ya tsallake katangar ne suka zaɓe shi.

A Kuje na tashi, lokacin da Abuja take ta tono da zuba kankare, mu kuwa muna jin labarinta kamar wata ƙasa. Gidanmu babba ne, sassa-sassa, duk 'yan kasuwa ne da suka gangaro daga Zazzau suka yada zango wuri ɗaya. Baba shi ne maigida, kuma lemo yake sayarwa a Zuba. Mutum ne marar yawan magana, mai ɗaure fuska, wanda ko gyaran muryarsa aka ji daga zaure sai tsakar gida ta natsu. Ban ce mugu ba ne. Ni dai ban taɓa ganin haƙoransa ba sai in yana asuwaki.

Idan damina ta ja baya, dawa ta fara sunkuyar da kai, lemo ya nuna, sai mazan gidan su haɗu su bi mota zuwa gonakin da suke saro kaya. Sukan yi kwanaki. Ranar da suka tafi babu abin da ake yi, don an san halin mota, tana iya lalacewa a hanya su juyo. Washegari bayan azahar ake kora yara maza su tafi ƙwallo, a tura ƙyauren zaure a tokare shi da taɓarya, a ciro rigunan maza daga adaka. Har yau in na ji ƙamshin kafur ya gauraya da na ɓawon lemo, tsakar gidan nan nake gani.

Wasan ba shi da wani suna, “wasa” kawai ake ce masa. Amma cikakken wasa ne, da shiga da fita, da waƙa da amshi. Ana shimfiɗa tabarma a ce ita ce kasuwa, a jera duwatsu a ce lemo ne. Mata su sa riguna da huluna, a zana musu gemu da gawayi, kowace ta zama ɗaya daga mazan gidan. Duk maganar da za a yi da waƙa ake yin ta: ciniki, rantsuwa, faɗa da direba, har da yadda suke dawowa gida su ce kasuwa ba ta yi ba alhali ga man tsire a gefen baki.

Doka biyu ce. Ta farko, mace ba ta yin mijinta, sai dai ta yi na wata, ita ma a yi mata nata. Ta biyu, abin da aka yi a tsakar gida ba ya ƙetare zaure.

Baba kuwa babu matar da ke da zuciyar yin sa sai Goggo, ƙanwarsa, wadda ta dawo gidan da zama bayan rasuwar mijinta. 'Yar firit ce, rigar tana jan ƙasa a jikinta. Amma da ta turo hula gaban goshi, ta goya hannu a baya, ta yi gyaran muryar nan, sai ka ga yara mata sun gyara zama kafin su tuna Goggo ce. Takan ɗauki dutse ta kai hanci, ta lumshe ido, ta juya shi, ta sake kaiwa, sannan ta ja waƙa da murya mai kauri:

“Lemon nan na wane ne?”

Mata su amsa: “Na Malam ne, na Malam ne.”

“Ruwa ya sha ko rana ya sha?”

“Sai Malam ya sunsuna.”

Inna, mahaifiyata, ita ke buga ƙwarya. Na sha ganin matan gidan sun kwanta a ƙasa suna riƙe da ciki, wata har ta nemi a ba ta ruwa. Ni ma na yi dariyar, kuma ina jin a nan na fara gane cewa ubana mutum ne kamar kowa.

Ko mazan sun sani? Ina zaton sun sani. Wata shekara Baba ya dawo ya ɗaga rigarsa ta Juma'a ya ga baƙi a wuyanta. Ya daɗe yana kallo, ya dubi Goggo da ke tsince shinkafa kamar ba ta san da zuwansa ba, ya ce, “In ba ƙira, me ya ci gawayi?” Ya miƙa wa Inna rigar a wanke. Wasan kuwa ba a fasa ba.

Babu wanda ya hana wasan. Ƙarewa ya yi da kansa. Gari ya cika, fili ya yi daraja, aka yanka gidan aka yi ɗakunan haya. Wasu suka koma Zazzau, wasu suka yi Gwagwalada, wasu ƙasa ta rufe musu ido. Mazan ma suka daina tafiya, waya ake bugawa a turo mota. Ban iya tuna wace shekara aka yi na ƙarshe ba, don ranar babu wanda ya san na ƙarshe ne. Aka wayi gari daga Baba sai Inna sai Goggo a sashe ɗaya, kuma waƙoƙin gaba ɗayansu a kan Goggo kaɗai suka rage.

Autata ce ta tayar da maganar wasan. Ta karanci harkar fim, tana aiki da masu shirya finafinan tarihi a cikin birni, kuma ni na yi suɓul da baka na ba ta labarin. Ba ta bar ni na huta ba sai da na raka ta Kuje.

“Goggo, dokumentari ne fa, ba fim ɗin soyayya ba,” in ji ta. “Rikodin kawai za mu yi don kada abin ya ɓata.”

“Wa zai kalla?”

“Kowa da kowa.”

“Har maza?”

“Har su.”

Goggo ta kalle ta sama da ƙasa. “Ja'ira. Yaya yana zaune a zaure da ransa, in sa rigarsa duniya ta yi masa dariya? Tashi ki ba ni wuri.”

Yarinyar ta yi ta komawa, da goro, da turare, da daɗin baki. Ta ce a yi waƙar ba riga, Goggo ta ce wannan ai tuwo ne ba miya. Ta ce a ɗauka a ajiye ba za a nuna ba, Goggo ta ce ba ta taɓa ganin abin da aka sa a waya ya zauna wuri ɗaya ba. A lokacin kuwa Goggo ta fi Baba jin jiki, ƙafa ta kumbura, numfashi yana yi mata gardama, wani lokaci takan nemi kalma ta rasa. Lissafin a fili yake, ko da yake babu mai faɗa. In ta riga shi, wasan ya tafi da ita. In ana son wasan, sai shi ya riga ta. Ina son a ɗauki wasan nan, ina kuma son ubana, kuma ban ji daɗin zama tsakanin biyun ba.

Shi ya riga ta. Zazzaɓi ne na 'yan kwanaki, a farkon damina.

Bayan Inna ta fita takaba, Goggo da kanta ta aiko a ce wa ja'irar ta zo da kayanta. Suka zo da fitilu da wayoyi da wani saurayi mai ɗaukar hoto. Goggo ta ce shi kam a zaure zai tsaya.

“Mama, ni ne yana riƙe kamara fa,” in ji shi, da irin Hausarsa ta 'yan birni. “Oga ya ce kada na ba kowa.”

“To ka riƙe zaure yau,” in ji Goggo.

Autata ta karɓi kamarar. Aka tara 'yan amshi daga abin da ya samu: ni, da ƙannena biyu, da wata tsohuwar maƙwabciya da aka ɗauko daga Yangoji. Aka shimfiɗa tabarma, aka jera lemo na gaske tunda yanzu babu mai shi balle a ji tsoron taɓawa. Inna ta zauna gaban daro ta fara bugu, hannunta bai manta ba.

Goggo ta fito daga ɗaki cikin rigar Baba. Tsufa ya rage mata tsawo, ya kuma ƙara mata kama da shi, abin da ba mu lura ba sai ranar. Ta turo hular, ta goya hannu, ta tako a hankali irin takunsa na ƙarshen rayuwa, ba irin na da ba. Sannan ta yi gyaran murya.

Babu wadda ta yi dariya. Ƙwaryar ta yi shiru. Inna ta ajiye ludayi, ta jawo mayafinta ta rufe kai, ta ce a hankali, “Sannu da zuwa, Malam.”

Goggo ta tsaya, ta ɗauki lemo a hannu. Ta kai shi hanci, ta buɗe baki za ta ja waƙar, muryar ta ƙi fita. Ta sake gwadawa. Daga nan ta ajiye lemon, ta tuɓe hular, ta zare rigar ta ninke ta da kyau ta ɗora wa Inna a cinya.

“Kashe abin nan,” ta ce wa autata. “Na yi zaton Yaya ne ya tare hanya. Ashe wasan da mai dawowa ake yin sa.”

Fim ɗin ya fito daga baya. Za ku ga Goggo a zaune kan kujera da hijabinta tana bayani, tana karanto baitocin kamar mai ba da sautu. An yaba, an ce an ceto al'ada. Ni ban yi musu ba, amma na san abin da aka ceto da abin da ba a ceto ba. Goggo ba ta ga damina ta gaba ba.

Yanzu komai ana ɗauka. Jikokina ba sa cin abinci sai sun nuna wa waya, kuma ba na ganin laifinsu, wataƙila su ba za su nemi muryar kowa su rasa ba. Mu dai abin da muka samu ɗan guntun nan ne da bai shiga fim ba, wanda bai kai a sha ruwa a ajiye kofi ba. Autata ta tambayi Inna ko a goge, ta ce a'a, a sa mata a wayarta, kada kuma a ba kowa.

Idon Inna ya yi rauni yanzu, ba ta ganin hoton. In na je Kuje takan miƙo mini wayar ta ce in kunna mata. Ba ta taɓa tambayar waƙoƙin ba. Takan kara wayar a kunne ta jira, in an zo wurin gyaran muryar ta amsa, sannan ta ce in kashe haka nan, kada caji ya ƙare.