Minti Talatin da Biyar

Shekara talatin da ɗaya Mai Agogo ya yi yana duƙe a kan tebur ɗaya, a wani shago da idan ya miƙa hannu biyu zai taɓa bangon dama da na hagu. Tabarau mai ido ɗaya a maƙale a fuska, hantsaki a hannu, yana tsintar ƙarafan da ba su kai ƙwayar yashi ba. Mutum ne mai tsantseni har ya yi yawa. Ka tambaye shi lokaci, ba zai ce maka wajen ƙarfe uku ba, sai ya ce uku saura huɗu. 'Yarsa ta ƙarshe, wadda kowa ke kira Auta, takan ce Baba ko atishawa zai yi sai ya duba agogo.

Bayansa ne ya fara gajiya da shi. Da farko ɗan tsami ne a ƙugu, daga baya ya zama wani abu mai tsirawa daga gadon baya ya sauka ƙafar hagu har babban yatsa. Likita ya rubuta masa ƙwaya mai ƙarfi, irin wadda ba a bayarwa sai da takarda. Ta yi aiki kuwa. Sai dai da aka yi shekara uku, ba ciwon kaɗai ke neman ƙwayar ba, shi ma da kansa nemanta yake. Ranar da gyangyaɗi ya kwashe shi da rana tsaka, hantsakin ya zame ya tsinke siririyar wayar da ke cikin agogon wata tsohuwa da ta ce na mijinta ne marigayi, ranar ya rufe shago ya koma wurin likita ya ce a raba shi da ita.

Likita ya ce ba a yanke ta lokaci guda, a hankali ake janyewa. Daga huɗu a yini aka koma uku, daga uku aka koma biyu: shida na safe, shida na yamma. Mai Agogo ya san halinsa, don haka ya danƙa wa matarsa kwalbar. Ta ce da wane agogo za ta riƙa dubawa? Ya nuna mata na bangon falo, wanda ya haɗa da hannunsa shekarar aurensu, yake kuma murɗa makullinsa ya yi masa wani kowace safiya. Ya ce wannan bai taɓa yi wa kowa ƙarya ba.

A madadin ƙwayar aka cika masa yini da dabaru. Ranar Talata Auta ta ɗauke shi zuwa wurin gashin ƙashi, wata ma'aikaciya mai fara'a ta lanƙwasa shi ta miƙar, tana cewa sannu Baba, saura ɗaya, alhali saura biyar. Akwai mai tausa, akwai mai soka siraran allurai a baya, akwai jakar ruwan zafi, akwai tafiya zuwa ƙarshen layi a dawo. Aka koya masa jan numfashi yana ƙirga huɗu. A gaskiya suna taimakawa, ba a hana su haƙƙinsu ba. Amma duk taimakonsu a ƙarfe biyar na yamma yake ƙarewa.

Daga biyar zuwa shida ba shi da wurin zuwa. Zama ba ya yiwuwa, tsayuwa ba ta yiwuwa, gado kuwa ya yi laushi. Sai ya kwanta a ƙasan falo, ƙafafu a kan kujera kamar yadda aka nuna masa, hanci na zuba, hamma na bin hamma, gumi na tsattsafowa ko da fanka na juyawa. A wannan kwanciya ba abin da idonsa ke kallo sai agogon bango. Ya san kowane haƙori da ke cikinsa, ya san abin da ke tura dogon hannun, amma bai taɓa sanin hannun yana da nawa haka ba. Ya tsani agogon nan, ya kuma tsani kansa da ya yi shi daidai.

Wata safiya yana yi masa wani, matarsa tana shanya a waje, sai yatsarsa ta tura dogon hannun gaba. Minti biyar kacal. Ya ce a ransa yau kaɗai ne, gobe ya mayar. Da yamma shida ta zo da wuri, ya haɗiye ƙwayarsa bai kalli matar ba.

Gobe ta zo, ya buɗe gilashin da niyyar mayarwa, sai lissafi ya tsaya masa a wuya. In ya mayar, yau sai ya jira ƙarin minti biyar a kan awa goma sha biyun. In ya bar shi haka, bai ƙaru da komai ba, jiran nan dai na nan cif. Hanya ɗaya ce ta samun sauƙi, wato ya ƙara turawa. Ya tura. Kwana bakwai a jere yana turawa, har agogon da ake saita na maƙwabta da shi ya wuce duniya da minti talatin da biyar.

Gidan gaba ɗaya ya bi agogon. Matar ta kunna rediyo don labarai ta tarar ana kiɗa, ta yi tsaki ta ce har su ma sun koyi latti. Ta je tasha ta daɗe tana tsaye, ta dawo tana mitar direbobin yanzu. Shi kuwa sai ya sunkuyar da kai ya ce Allah ya kyauta.

Ranar Talata da yamma Auta ta biyo da sabuwar jakar ruwan zafi, don tsohuwar ta fara yoyo. Ta ce za ta zo biyar, ta kuma zo biyar da 'yan mintoci. Yana kwance a ƙasa ya ji uwar ta tare ta tun daga ƙofa.

"Sai yanzu? Kin bar mahaifinki yana murƙususu babu abin gasa baya?"

"Mama, ban makara ba fa. Agogonku ne ke gudu. Dubi wayata."

"Agogon babanki ne ke gudu? Ki ji yarinya! Tun ba a haife ki ba agogon nan yake tafiya, bai taɓa ƙara ko daƙiƙa ba. Wayoyin nan naku ne shirme. Tawa ma kwana nawa tana ja baya, na rasa abin da ya same ta."

Auta ta ba da haƙuri ta wuce kicin dafa ruwa. Matar ta shigo falo, kwalbar ƙwaya a hannu ɗaya, 'yar wayarta mai fasasshen gilashi a ɗayan. Agogon bango na cewa shida saura biyar. Ta durƙusa kusa da shi, ta goge masa gumin goshi da bakin mayafinta.

"Sannu Maigida, saura kaɗan. In ka sha ka ji dama, don Allah ka duba min wayar nan ka saita ta da namu. Kunya take ba ni."

Ya karɓi wayar. Biyar da minti ashirin, daidai wa daida. Ya dubi matar ko zai ga alamar gatse a fuskarta, bai ga komai ba sai gajiya da yarda. Da ta zarge shi, da ya fi masa sauƙi. Minti biyar ya rage masa ya huta, abin da ake nema a wurinsa kawai ya danna maɓalli uku ya mai da wayar ita ma maƙaryaciya.

"Sauko min da agogon," in ji shi.

"Yanzu? Me ya same shi?"

"Ba abin da ya same shi. Ni ne."

Ta sauko da shi ta ɗora masa a ƙirji. Sai a karo na biyu ya iya buɗe gilashin. Ya ja dogon hannun baya a hankali, ya wuce goma, ya wuce takwas, ya wuce shida, ya tsayar da shi a kan huɗu. Ya miƙa mata wayar bai taɓa komai a cikinta ba.

Ta dubi agogon, ta dubi wayar, ta daɗe tana dubansa shi. Ta mai da kwalbar cikin aljihu, ta rataye agogon a ƙusarsa, ta dawo ta zauna a ƙasa kusa da kansa, amma ba ta sake goge masa gumin ba. Daga kicin Auta ta ɗaga murya ta ce ruwa ya kusa tafasa.

Saura minti arba'in. Ya ja numfashi, ya fara ƙirga huɗu.