Magaji Mai Sarƙa, da Ranar da Babu Mai Jan Mu

Malam Magaji Mai Sarƙa ya rasu ranar Laraba, 14 ga Satumba, 1988, a asibitin Yelwa, jim kaɗan bayan la'asar. Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ba aiko mini da labarin aka yi ba. Ina tsaye a ƙofar ɗakin tiyata aka fito aka faɗa, domin ni na kai shi.

Wanda bai taɓa bin hanyar Wara da mota ba ba zai san ka ba, Malam Magaji, don haka bari in faɗa masa. Bakanike ne kai, mazaunin Wara, mai tsohuwar a-kori-kura da sarƙa mai kaurin damtse. Daga Wara zuwa Ngaski har kusa da Yelwa, duk motar da ta mutu ko ta kafe a taɓo, mai ita kan tare mai keke ko motar kifi ya ce a gaya wa Magaji. Ofishinmu ma yana da motar jan mota. Na sha ganinta a takarda.

Ni ma'aikaciyar lafiya ce, aikina yawon allurar rigakafi a ƙauyukan bakin tafki. Shekara shida ke nan da haɗuwarmu. Lokacin ban daɗe da fitowa daga jami'a ba, ina ganin babu abin da bayani mai kyau ba zai warware ba. Motata ta mutu da akwatin allura a ciki, ƙanƙara tana narkewa. Ka iso da gorar ruwa, ka fara miƙa mini, domin ka san duk wanda ka tarar ya daɗe a rana. Ba ka ko buɗe murfin inji ba.

"Malama, wane kuka tay yi kahin ta mutu?"

Na shiga yi maka bayani daki-daki.

"Ba labari nika so ba. Yi min kukan."

Mata masu bandar kifi sun ajiye kwandunansu suna kallo. Na dubi ƙanƙarar, na dubi matan, sai na tsaya a bakin hanya da digirina ina tari irin na mota. Ka saurara kamar mai jin karatu, ka ce datti ne a kafireto. Kafin matan su gama dariya mota ta tashi, kuma yara tamanin suka sami allurar kyanda a ranar.

Sau goma sha ɗaya ka zo mini bayan wannan. Ka taɓa cewa motata ma'aikaciyar gwamnati ce, ƙarfe biyu na yi take ajiye aiki. Ban yi gardama ba, na san abokan aikina. Kai ka koya mini zama a motar da ake ja: in cire giya, in sa ido a kan sarƙa, in daina taka birki don tsoro. Na ƙarshen ya fi ba ni wuya, don ban saba barin wani ya yi mini gaba ba. Ban taɓa ji ka tambayi ko motar wane ce kafin ka fito ba. Ta hakimi da ta mai dakon gawayi, wadda ta riga aikowa ita kake fara zuwa, har aka taɓa kai ƙararka saboda haka, ka je ka saurara, ka dawo ka ci gaba yadda ka saba.

Ranar Larabar ina Wara. Da safe matarka Indo ta same ni a ɗakin shan magani, ta ce tun jiya da ka ɗaga inji kake murƙususu, kuma ka hana a faɗa. Na duba ka. Ƙaba ce, hanji ya shaƙe, babu magani sai wuƙar likita, likitan kuwa yana Yelwa. A-kori-kurarka ba ta tashi sai da hannunka. Muka kwantar da kai a bayan motata, kanka a cinyar Indo, muka kama hanya ƙarfe tara.

Mun ɗan wuce Tungar Musa sai motar ta shiga fizga, ta yi shiru. Ban buɗe baki ba, ka ce daga baya, idonka a rufe:

"Famfon mai na. Kada ki wahal da kanki, ba shi gyaruwa nan."

Na kakkaryo ganye na zuba a hanya. Can ga mai keke ya nufi Wara. Na tare shi da sauri, na ce, "Don Allah in ka isa ka gaya wa..." Sai na tsaya. Ka ji ni. Duk da ciwon, sai da ka yi dariya.

"Aika mai, Malama. Ƙila shi zo."

Awa huɗu muka yi a wurin. Mota uku ta wuce. Ta farko ko sassautawa ba ta yi ba. Ta biyu motar gwamnati ce, direbanta ya tsaya, ya gaishe ka da girmamawa, ya ce ba shi da izinin ɗaukar wanda ba ma'aikaci ba, kuma ya yi maka addu'a mai tsawo. Ta uku motar kifi ce cike har sama, mai ita ya yi iyakar ƙoƙarinsa da igiyar da ke gare shi. Sau biyu tana tsinkewa. Ka ce a bar bawan Allah ya tafi kada kifinsa ya lalace, igiyar ɗaure akuya ce.

Masuntan Tungar ne suka fitar da mu. Musa, dattijon garin, ya sa aka ciro ƙyauren ɗakinsa aka ɗauke ka a kai har bakin ruwa, aka sa ka a jirgi mai inji. Kai da ka ƙare rayuwarka a kan taya, ta ruwa ka shiga Yelwa. A tsakiyar tafki ka buɗe ido ka gaya wa Musa filogin injinsa ya yi baƙi. Sannan ka dube ni ka ce, "Kin ɗaga gilashin mota? Hadari na tahowa." Maganarka ta ƙarshe da ni ke nan. Ban ɗaga ba. Na ce maka na ɗaga.

Likitoci sun karɓe ka nan take, sun yi abin da mutum zai iya.

Ranar addu'ar bakwai Indo ta ja ni ƙuryar ɗaki, ta tambaye ni a hankali, "Malama, da mun isa da hantsi, da ya tashi?" Na ce mata kwana ne ya ƙare, kuma wanda kwanansa ya ƙare ko a gadon asibiti yake sai ya tafi. Gaskiya na faɗa mata, na kuma yi imani da ita. Amma ni ban yi wa likita wannan tambayar ba. Shekara shida ina aikin nan, na san abin da awa huɗu take yi wa hanji. Ina kewarka, Malam Magaji, fiye da yadda na zaci zan yi kewar mutumin da ban taɓa gani ba sai ina cikin fushi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Indo, da 'ya'yanka Basiru da Lami, da Innarka da ke Ngaski, da direbobin tashar Wara. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya zama gatanku. Allah Ya saka wa Musa da mutanensa da alheri.

Allah Ya jiƙan ka, Ya gafarta maka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa duk wanda ka fitar daga rana ya zama shaida a gare ka. Ranar da za a taru, Allah Ya haye da kai Siraɗi ba tare da ka jira kowa ba. Amin.

Asama'u Dauda, Yelwa