Tantin da na bari a cikin kwari

Wasu shekaru da suka wuce, ina sabon zuwa Dubai, na kamu da son hawan duwatsu. Aikina a ofishin wani sito ne a Al Quoz, daga kwamfuta sai lissafin kwantena, don haka da sanyi ya shigo na sayi tanti da ƙatuwar jakar goyo, na ce sai na kwana a duwatsun Hatta. Na ja abokina, direban kamfaninmu, mutumin Agadas ne kuma ya girme ni da kusan shekara goma.

Bayan azahar muka ajiye mota muka shiga da ƙafa. Hazo mai laima ya sauko ya rufe kan duwatsun, iska kuma tana shiga har ƙashi. Can muka faɗa wani kwari mai yashi, shimfiɗe kamar tabarma, ga duwatsu sun tare iska ta kowane gefe. Nan take na kafa tantina, ina ta yaba wa kaina.

Abokina bai sauke jakarsa ba. Ya tsaya yana kallon wata bishiya, sannan ya nuna min busasshiyar ciyawa da leda da suka maƙale a reshenta, daidai tsayin kaina.

"Wa ya ɗora su can?" ya tambaye ni.

Na ce iska mana.

"Non, ƙanena, ba iska ba ce. Ruwa ne. Wannan kori ne, hanyar ruwa. A garinmu ko raƙumi ba a ɗaurewa a nan."

Na fito da waya na nuna masa hasashen yanayi, babu ruwa a inda muke. Har da ce masa, "Yaya, nan fa Dubai ce, ba ƙauyenku ba." Ina tuna maganar nan har yau ina jin kunya.

Bai yi musu da ni ba. Sai kawai ya sunkuci jakata, wadda abincina da bargona da makullin gida ke ciki, ya ce, "Yalla, mu tafi," ya kama hawa. Haka na bi shi ina haki ina mita, har muka kai wani tudu mai tsakuwa. Don taurin kai na ƙi komawa in kwance tantina, na ce gobe zan nuna masa shi lafiya lau. A nasa tantin muka matsu, na juya masa baya ban ce masa ko sai da safe ba.

Da muka yi sallar asuba ya hura ɗan risho ya ɗora shayi. Ko ɗigo bai sauka a kanmu ba. Gari ya fara haske ke nan muka ji ƙugi daga sama, kamar tireloli sun jero. Ashe an kwana ana ruwa a can bayan duwatsun. Muna tsaye ruwa ya ɓullo, ja wur, yana mirgino duwatsu da itatuwa. Na ga tantina, mai launin ruwan lemo, ya ɗaga sau ɗaya, daga nan ban sake ganinsa ba. Da a cikinsa na kwana, da a lokacin nan na koma barcin bayan asuba kamar yadda na saba.

Na zauna a ƙasa. Na jira ya ce ai ya faɗa min. Sai ya miƙo min kofi ya ce, "Sha, kar ya huce."

Na fara ba shi haƙuri, ya ɗaga hannu. "Khalas, ya wuce. Allah ne ya tsare."

Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, balle ni da waya kawai na hau. Yanzu abokina ya koma gida, muna gaisawa duk Juma'a. Turken tantin guda ɗaya da ya rage a aljihun jakata yana cikin durowar ofishina. Ɗiyata, wadda aka haifa shekara biyu bayan wannan tafiya, ta taɓa ganinsa ta tambaye ni na mene ne. Na kalle ta, na tuna da a tantin nan na kwana da ba a haife ta ba, sannan na ba ta amsa.