Jirgin Balsa da Hannun Daman Baba

Shekara arba'in da ɗoriya Baba ya yi yana aikin kafinta a Ƙofar Marke, cikin Sakkwato. Har yau in ka shiga lungunan unguwar za a nuna maka ƙyauren da ya yi, ginin ya zube an sake wani, ƙyauren yana nan daram. Da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi, ƙafa ta dawo cikin 'yan watanni, baki ma ya saki, amma hannun dama ya ƙi. Yatsun suka lanƙwashe, ba sa buɗewa sai an buɗe su. Daga nan Baba ya daina fita. Ba zai miƙa wa mutum hagu su gaisa ba, ba zai ci tuwo da hagu a gaban kowa ba, har da Inna da ta haife mu. Sai dai a ajiye masa kwano a bakin ƙofa ya ja labule. Mutumin da shi ke buɗe masallacin unguwa da asuba ya koma yin salla a ɗaki.

Likitar gashin ƙashi ba ta ɓoye mana komai ba. Ta ce hannun zai iya dawowa in ana sa shi aiki, in kuwa aka bar shi zai sandare a haka har abada. Ta ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa. Muna isa gida ya wurga shi bayan randa, ya ce shi ba yaro ba ne.

Ni ce babbar 'yarsa. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake kirana, taurin kai kuwa duk gidan an san a wurinsa na kwaso, ban rage masa ko kaɗan ba. Ina koyarwa a makarantar 'yan mata, ina aure a unguwar Gidan Dare. Na kira ƙanena da ke aiki a Legas na ce ya nemo mini wani abu na katako da ke bukatar yatsu, ba ƙarfi ba. Bayan sati biyu wani direba ya kawo dogon kwali, a bayansa hoton ƙaramin jirgin sama. A ciki akwai siraran falankai na wani icce da ake kira balsa, an zana ɓangarorin jirgin a jikinsu, da sanduna masu kaurin tsinken tsintsiya, da 'yan guntayen filawud na hanci da wurin ƙafa. Akwai farfela, da doguwar roba da ake murɗawa ta juya ta, da takarda shara-shara ta rufe jiki, da babban zane, da ɗan littafin bayani da Turanci.

Na kai wa Baba har ɗaki. Ya ɗauki sanda ɗaya da hagu, ya danna farce, farcen ya nutse.

"Wanga ba icce ba na, Uwata. Totuwa ta."

Ya ce wanda ya sayar da shi maha'inci ne, in kwashe in ba shi wuri. Filawud ɗin kawai ya juya ya duba sau biyu kafin ya mayar.

Kwashewa na kwashe, amma ban yi nisa ba. Na ɗora falanki a kan bulo biyu a gindin dogon yaro, daidai ƙofar ɗakinsa, na shimfiɗa zanen, na rufe shi da leda don kada gam ya kama. Kullum in an tashi makaranta sai in hau keke mai ƙafa uku na haya in sauka a gidan bayan la'asar, in zauna in yi ta yanka da reza ina kafe sanduna da fil. Na san ubana. Kafinta ba ya iya kallon aikin banza ya yi shiru, ni kuma wallahi ba sai na yi da gangan ba, aikina na banza ne. Haƙarƙarin fiffike huɗu na karya a rana ɗaya. Gam ya ɓata mini mayafi biyu. Inna tana tankaɗe tana yi mini tsiya, wai an yi karatun boko an ƙare a motar kara.

A rana ta shida labule ya motsa. Muryarsa ta fito daga ciki a fusace, wai ina yanka icce kamar mai yankan kabewa, in bi yadda zarensa ya kwanta. Na ce to, na ci gaba da yi yadda nake yi. Washegari na tarar an shimfiɗa tabarma kusa da falankin, yana zaune a kai, hannun daman a ɓoye cikin riga.

Sati guda da baki kawai yake aiki. Sai muka zo haɗa ɓarin jikin jirgin biyu, inda sai an matse hanci da wutsiya lokaci ɗaya har gam ya kama, ga kuma tsakiya tana zamewa. Ban roƙe shi ba. Mita kawai na yi ta yi, ina cewa masu wannan abu sun ɗauka mutum hannu uku gare shi. Ya miƙo hagu ya riƙe wutsiya. Tsakiyar ta sake zamewa. Ya yi tsaki, ya ce in karɓi wutsiyar, sannan ya kamo hannunsa na dama da na hagu, ya ɗora shi a kan iccen, ya buɗe babban yatsa da manuniya ya matse. Hannun yana rawa, amma ya riƙe. Na kawar da kai ina kallon kajin Inna, don in na dube shi kuka zan yi, in na yi kuka kuwa ya koma ɗaki ke nan.

Daga ranar aikin ya zama nasa, kuma daga ranar matsala ta shigo. Baba ya ce abin da ya fito daga gidansa ba ya karyewa, ba kuma a kan wannan totuwar zai fara jin kunya ba. Ya sa Inna ta ɗauko makullin shagonsa, ya aike ni na kwaso ragowar filawud da gam ɗin kafintoci. Duk inda sanda ta haɗu da sanda sai an yi mata majingini. Cikin jirgin ya sha filawud hagu da dama. Takardar rufi da muka manna ya ce ko ɗigon ruwa zai huda ta, don haka aka shafe ta da koren fenti mai mai, ragowar na ƙofar masallaci, har shafi biyu.

Ni ke karanta masa littafin ina mayarwa da Hausa. A shafi na biyu akwai layi da manyan baƙaƙe: kada a ƙara komai, ko gam a sa kaɗan, don nauyi shi ke hana jirgin tashi. Na tsallake layin, kuma da sanina na tsallake. A lokacin samfefa tana hannunsa na dama, yana goge bakin filawud a hankali, harshe a waje kamar yadda yake yi tun muna yara. Na ce a raina jirgi ya tashi ko kada ya tashi, oho, ni hannu nake nema.

Ranar gwaji na murɗa farfela har robar ta yi ƙulli-ƙulli, na tsaya a bakin zaure na sake shi. Ya yi ƙara, ya yi gaba kamar taku uku, ya faɗi tim a gaban turmi. Ko ƙwarzane bai yi ba, ƙasar ce ma ta ji jiki. Sau uku ina yi, sau uku yana faɗuwa a wuri ɗaya. Inna ta toshe baki da gefen zane ta shige kicin.

Baba ya ce in miƙo masa. Ya ɗaga shi a hagu yana jin nauyinsa, ya daɗe yana kallon hoton bayan kwalin.

"Malama, takardar ga ita tac ce a ƙara mashi katako?"

Bai taɓa ce mini Malama ba sai ranar. Na ce a'a. Ya tambayi abin da ta ce, na karanta masa layin duka. Ya tambaya ko tun farko na gani, na ce na gani.

"Ashe wani ƙwallon roba na kinka kawo man."

Ya tashi ya shige ɗaki. Kwana uku labule bai motsa ba, kwano ya koma bakin ƙofa. Na ji haushin kaina, don abin da ya fi tsana shi na yi masa, na lallaɓa shi kamar marar lafiya. Amma haushinsa ma na ji, sosai kuwa. A rana ta huɗu na tsaya a bayan labulen na faɗi abin da 'ya ba ta faɗa wa uba. Na ce na ɓoye masa, na yi laifi, ya yafe mini. Na ce amma likita ta faɗa a gabansa, hannun nan in ya sandare ya sandare, kuma ni ba zan zauna ina kallo ba ko zai tsine mini.

"Jirgin nan kai ka kashe shi da ƙarfi, Baba. In ƙyaure kaɗai ka iya, to shi ke nan. In kuwa kafinta ne kai, fito ka tashe shi."

Inna ta saki muciya tana salati. Na ajiye reza da samfefa a kan falankin na fita, na yi kukana a cikin keke har Gidan Dare, mai keken yana ta ba ni haƙuri bai san kan zancen ba.

Washegari da ƙyar ƙafata ta kai ni gidan. Na same shi a gindin dogon yaro, gaban rigarsa duk koren gari, ya feɗe jirgin tas sai ƙasusuwa. Ya naɗe rezar da tsumma har ta yi kaurin da yatsunsa za su iya kamawa. Bai amsa gaisuwata da kyau ba, cewa kawai ya yi in riƙe nan.

Cirewar ta fi sawar wuya nesa ba kusa ba. Gam ɗin kafintoci ba ya sakin abin da ya kama, sai an bi shi kaɗan-kaɗan, kuma balsa ba ta jure fushi. Ya karya haƙarƙari uku, ya yanko sababbi daga ragowar falankan da kansa. Ya yanke a yatsa, ya ɗaure da ƙyalle ya ci gaba. Wata rana yana aiki ya ce, ba ni yake kallo ba, duk rayuwarsa ƙarawa aka biya shi ya yi, ba wanda ya taɓa ce masa ya rage. Ba mu da sikeli, don haka duk yamma sai ya buɗe tafin damansa in ɗora masa jirgin, ya lumshe ido ya ce da saura. Tun tafin yana buɗewa rabi har ya zo yana kwanciya sosai. Takardar rufi ta ƙare, Inna ta ciro mana irin shara-sharar da ake samu a cikin sabuwar shadda. Muka manna, muka yayyafa ruwa don ta ɗame, ya hana ni kai wa rana, ya ce ranar Sakkwato murɗe fiffiken za ta yi, a bar shi a inuwa.

Da muka sake gwadawa, jirgin ya ratsa tsakar gida a sama ya bugi katangar maƙwabta. Gidan ya yi masa kaɗan. Baba da bakinsa ya ce sai fili. Filin da ke kusa na makarantar firamare ne, hanyarsa kuma ta gaban masallaci take bi, inda dattawan unguwa ke zama. Ya sani, ni ma na sani.

Ranar Asabar da sassafe, kafin iska ta taso, ya sa babbar riga da hula, muka fita. Ba kowa a dakalin masallaci tukuna. A filin na riƙe jirgin, shi kuma ya sa manuniyar dama yana murɗa farfela yana ƙirgawa. Sau biyu yatsan yana zamewa robar ta warware, sau biyu yana farowa daga ɗaya. Na ce in karɓa, ya harare ni. Da ya gama ya karɓi jirgin, ya ɗaga, ya tura shi a hankali.

Ya tashi. Ya yi sama yana karkata hagu, ya zagaya filin, hasken safiya yana ratsa takardar har ana ganin haƙarƙarinsa. Robar ta ƙare, farfela ta tsaya, ya sauko a natse ya sauka kusa da ragar ƙwallo. Duka-duka bai fi mutum ya sha ruwa kofi ɗaya ba. Ni dai na yi guɗa, ban ma san na iya ba. Baba cewa ya yi fiffiken hagu yana son gyara, ya taka da kansa ya ɗauko.

A hanyar dawowa dakalin ya cika. Cikinsu har da Alhaji mai hatsi, amininsa tun ƙuruciya, wanda ya yi ta zuwa dubiya ana ce masa Baba yana barci. Yana hango mu ya miƙe, ya taho da hannu a miƙe. Jirgin yana hannun daman Baba, na kuma ga sarai zai iya fakewa da shi ya gaisa da baki ya wuce. Ya ɗan tsaya, sannan ya mayar da jirgin hagu, ya goge tafinsa a jikin riga, ya miƙa dama. Ƙananan yatsu biyu suna nan a lanƙwashe, kowa ya gani. Alhaji ya kama hannun da nasa biyu ya ƙi saki, sauran dattawan suka taso ɗaya bayan ɗaya.

Baba ya miƙo mini jirgin ba tare da ya waiwayo ba.

"Uwata, kai shi gida, ki aje shi inuwa. Ki ce ma Innarku ta aiko da tuwon rana nan, da mutane za ni ci."

Na rungume jirgin na bi lungu ina share hawaye da gefen mayafi. Na tarar da Inna a bakin zaure tana leƙe, na gaya mata ta ɗora babbar tukunya.