Warin Takalmina Yana Wurinka, Kawu

Da hantsin ranar Alhamis, tara ga watan Maris, ina shago ina haɗa hannun wata riga, babbar 'yarka ta kira ni a waya ta ce Allah ya karɓi abinsa. Ba ka daɗe a asibiti ba, Kawu, kuma ranar da na je duba ka har tsokanata ka yi. Na ɗauke ƙafata daga kan keken ɗinki, na zauna ina kallon allurar da ta tsaya a tsakiyar yadi. Na Allah ne mu, kuma wurinsa za mu koma gaba ɗaya. Na faɗi haka da bakina, amma abin da ya fara faɗo mini a rai, Allah ya yafe mini, shi ne warin takalmina na hagu yana gidanka.

Wanda bai san ka ba zai ce wannan wane irin tunani ne a ranar rasuwa. Mutanen filin makarantar da muke zagayawa da safe kuwa za su gane. Kai ƙanin mahaifiyata ne, kuma malamin motsa jiki ne kai har ka yi ritaya, amma a filin nan babu mai ce maka Malam. Birki kowa ke kiran ka, domin duk wanda ya taho da gudu kai ne mai rage masa shi.

Hawan jini ne ya kai ni hannunka. Shi ya ɗauke yayarka, mahaifiyata, kuma ranar da likita ya auna ni bai ɓoye mini komai ba: ya ce in ban tashi daga kujera na motsa jiki ba, hanyarta na kama. Ni kuwa tela ne, zaune nake tun safe har magariba, ga shi ba ni da haƙuri ko kaɗan. Washegari na zura wani tsohon takalmi na hau kwalta da gudu, ina so in biya zaman shekaru cikin mako guda. Ba a jima ba ƙwaurina ya fara ciwo, can gefen ciki, daga ƙasan gwiwa har kusa da idon sawu. Da farko sai na yi gudu yake tashi, daga baya ko matakalar shago na hau sai na riƙe bango. Na yanke wa kaina hukunci cewa wannan abu ba nawa ba ne, na koma kujerata.

Matata ce ta kai maka ƙarata. Ka shigo shagon, ka ture tarin yadi ka zauna, ka ce in miƙo takalmin. Ka kife shi, ka nuna mini yadda dunduniyarsa ta cinye ta gefe ɗaya. Sannan ka bi ƙwaurin da babban yatsanka a hankali, kana tambaya ko zafin a wuri ɗaya yake ko ya bazu, ko kuma yana tashe ni daga barci. Da na ce ya bazu ne, ka ce to da sauƙi.

"Zuciyarka likita ya aika, ɗana," ka ce, "amma ƙwaurin nan ne zai ɗauke ta, kuma ba ka nemi izininsa ba."

Daga nan ka jefa warin hagu cikin jakarka ka miƙe. Na ɗauka wasa ne. Ashe haka kake yi wa kowa. Ka ce in ka ɗauke duka biyun, mutum sabo zai saya ya manta, amma in ɗaya ne, kullum zai ga ɗan'uwansa a bakin ƙofa ya tuna cewa hutu aka ba shi.

Ba ka bar ni zaune ba dai. Ka aiko mini da tsohon kekenka, ka ce shi ba ya dukan ƙashi. Ka koya mini in naɗe ƙanƙara a tawul in ɗora, ƙafar tana bisa dilar yadi, kuma in dafa teburin yanka in riƙa tashi a kan yatsuna ina sauka. Masu kawo ɗinki sun sha dariya, ni kuma na sha zaginka a zuci. Da zafin ya tafi ka raka ni muka sayi sabon takalmi mai taushi, ka kai ni kan ciyawar fili, ka hana ni kwalta. Tafiya muka fara, ba gudu ba, kana ja na da hira. Ka ce duk lokacin da na kasa ba ka amsa saboda haki, na yi sauri ke nan.

Kullum a baya kake tafiya, tare da wanda ya fi kowa ɗingishi. Ban taɓa ganin ka a gaba ba, alhali ka fi yawancinmu ƙarfin ƙafa. Wata ma'aikaciyar banki da ka ƙwace wa takalmi ta turo mijinta ya ba ka haƙuri, ka dubi tumbinsa ka ce gobe ya zo da nasa, kuma har yau yana zuwa. Direban motar asibiti ya yi maka wayo ya sayo sabo, ka ɗauke warin hagun wannan ma. Mai gidan burodi kuwa, da ka danna masa ƙwauri ya nuna maka wuri ɗaya tak, ba ka tsaya maganar ƙanƙara ba, da kanka ka kai shi aka ɗauki hoto, aka tarar ƙashin ya tsage. Ba ka taɓa yin kamar kai likita ne ba, kuma na ƙaunace ka saboda wannan.

Jinina ya sauka, Kawu, likita har hannu ya ba ni. Wannan yabon ne ya kumbura mini kai. A watan jiya muka fara tsere a kan kwalta ni da direban nan, ciwon ya dawo mana mu duka, kai kuma ka zo da jakarka ba tare da faɗa ba, ka ɗauke wa kowannenmu warin hagu. Bayan haka ka kwanta. Da na je asibiti ka tambaye ni ko da ƙafa ɗaya na zo, na roƙe ka takalmina, ka ce da sauran lokaci. Tun daga ranar na jingine keken da ka aiko mini ma. Da labarin rasuwarka ya zo, na gaya wa matata cewa ni da filin nan mun rabu, domin ba zan iya waiwayawa in ga ba ka nan ba. Ta ajiye mini maganin jini a gabana, kuma na ga tsoro a idonta.

Ana zaman makoki Hajiya matarka ta aiko a kira ni ciki. Ta ɗauko jakar daga bayan ƙofar ɗakinka, ta fito da warina. An wanke shi, an sa masa sabuwar igiya, ashe kafin ka kwanta ka yi wannan. Na miƙa hannu, ta janye.

"Cewa ya yi a danna maka ƙwaurin tukuna," ta ce. "In bai yi zafi ba a ba ka. Sauran da ke cikin jakar kuma kai za ka duba masu su. Ya ce ka tsaya a baya."

Ɗanka ya durƙusa ya bi ƙwaurina da yatsa yadda ya saba ganin kana yi. Bai yi zafi ba. Nan na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba.

Ranar Litinin na koma fili da takalmina biyu, na bi ciyawa, na tsaya a baya. Direban ya zo yana neman nasa, na danna masa, ya yamutsa fuska, na ce da sauran lokaci. Ya dube ni, idanunsa suka kawo ruwa, bai yi gardama ba.

Allah ya jiƙanka, Kawu, ya gafarta maka, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Hajiya da 'ya'ya da jikoki, da mutanen fili baki ɗaya, Allah ya ba mu haƙurin wannan rashi, ya sa mu cika da imani in tamu ta zo. Kai da ba ka taɓa barin mai ɗingishi shi kaɗai ba, Allah ya tabbatar da dugaduganka a kan siraɗi, kuma a wannan tafiyar ya sa ka a sahun gaba. Amin.