Matar da Ba Ta San Gajiya Ba

Shekara talatin da ɗaya Inna ta yi tana jin labarin waƙar da mijinta ya yi mata, amma waƙar kanta ba ta taɓa shiga kunnenta ba. Malam malamin makaranta ne, kullum hannun rigarsa fari fat da alli, ita ce kuma mai wankewa. Ya rubuta waƙa a kan mace ta gari, ya ce matarsa ya duba ya tsara ta. Aka sa waƙar a littafin 'yan aji biyar, har maƙwabta suka koma kiranta Ta-cikin-littafi. Ita kuwa ko sunanta ba ta iya rubutawa ba.

Ranar da za a karanta waƙar a zauren makaranta, ta ɗaura ɗankwali, har ta sa takalmi ƙafa ɗaya, sai Malam ya leƙo ya ce baƙi goma sha biyu za su biyo shi gida. Ta cire takalmin ta koma gindin murhu. Baƙin suka ci suka suɗe kwano suna ta cewa, “Wallahi kamar yadda ya faɗa!” Ba wanda ya ga ya dace ya gaya mata abin da ya faɗa ɗin.

Sau ɗaya ta yi ƙarfin hali ta ce, “Malam, ka ɗan karanta min mana.”

Ya yi dariya. “Ke da kike ciki, me kuma za ki ji? Ruwan wankana ya yi zafi?”

Ba ta sake tambaya ba. 'Ya'yanta ma kunya ta hana ta roƙe su, tunda an ce yabon kai jahilci. Sai ta naɗe littafin a tsohon zane ta cusa a ƙasan akwati, ta riƙa cika littafin a zuci da abin da ranta ke so. Tana wanki tana cewa lallai ya ambaci shekarar da famfo ya lalace, ta yi ta hawa bene da bokiti da cikin wata takwas. Lallai ya sa ranar da ta rasa ɗanta na uku, washegari ta tashi ta hura wuta. Malam ba mai yawan magana ba ne a gida, to ina zai zuba abin da ya gani in ba a takarda ba? Da wannan ta rayu.

Bayan rasuwarsa da shekara biyu, wata la'asar Auta, 'yarta mai aikin jinya, tana shafa mata magani a gwiwa, Inna ta nuna akwatin da haɓa.

“Ɗauko littafin babanku ki karanta min. Yanzu ba wanda zan ji kunyarsa.”

Auta ta buɗe ta fara:

Mace ta gari ba ta san gajiya,
Ba ta kuka, ba ta hayaniya,
Aikin gida ne hutunta a duniya.

Haka ta yi ta tafiya har baiti ashirin, duk shara da girki da murmushi. Inna ta kasa kunne, tana jiran a zo kanta. Auta ta rufe littafin.

“Shi ke nan?”

“Shi ke nan, Inna.”

“Duba bayan takardar.”

“Wata waƙar ce daban, ta damina.”

Inna ta daɗe tana kallon hannuwanta. Abin ya yi mata ciwo fiye da ranar da aka fita da gawarsa.

“Na gaji fa, Auta,” ta ce a hankali. “Kullum a gajiye nake. Ni na ɗauka ya sani.”