Tambayar Abokin Alhaji

Da na zo karatun lissafi a College Park ta Amurka ban san kowa ba, sai wani dattijo ɗan garinmu da ke Fort Washington, mai harhaɗa magani a asibiti. Alhaji muke ce masa. Shi ya ɗauko ni daga filin jirgi, shi ya saya mini rigar sanyi, kuma duk Lahadi a gidansa nake cin tuwo. Furofesa yake kirana tun ban ci jarrabawa ko ɗaya ba. Wallahi uba na ɗauke shi, ba da wasa ba.

Wata Lahadi bayan la'asar ya ce in raka shi sayen nama. Muna hanya sai ya faka mota a gefen kogi, daidai inda ake hango wani katafaren gidan caca. Ya gyara hula, ya yi gyaran murya.

"Furofesa, wani abokina ne ya ce in tambaye ka. Wasan nan da ake jefa 'ya'yan ludo biyu a tebur, wai in mutum ya iya lissafi zai ci riba?"

Ni kuwa an taɓo inda nake so, sai baki ya buɗe. Na ce, "Alhaji, fuska talatin da shida 'ya'yan nan za su iya faɗuwa. Shida da shida sau ɗaya ne a ciki. Amma in ka ci, talatin gidan zai biya ka. Ragowar nan ita ce abincinsu. Kowane irin zubi da nasa yankan, wani kaɗan, wani da yawa, amma ƙarshenta gidan ne da riba."

"To in bakwai ta daɗe ba ta fito ba fa? Ai dole ta kusa."

"Ina! Ɗan ludo ba ya tuna jiya, Alhaji. Abokin nan naka in ya daɗe a tebur, sai sun tsotse shi tas."

Ya sa hannu aljihu zai ciro carbi, sai ga wani jan kwabo na roba, irin wanda ake zubi da shi a gidan caca, ya biyo carbin ya faɗo kusa da ƙafata. Na gani, ya ga na gani. Na sunkuya na ɗauka, na miƙa masa da hannu biyu kamar yadda aka koya mana a gida. Ya karɓa bai dube ni ba. Naman ma ba mu saya ba.

Ya bar cacar, wannan kam na tabbata. Hajiyarsa ce ta gaya wa matata daga baya cewa Alhaji ya daina wani aikin Asabar da ya ramar da shi, hankalinsa ya dawo gida. Ita har yau aiki ta sani, ba caca ba.

Sai dai ni ma ya bar ni. Dattijo irinsa ba ya iya zama cin abinci da yaron da ya ga tsiraicinsa, ko da yaron ya rantse ba zai faɗa ba. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, amma hakan bai gyara komai ba. In mun haɗu a masallaci sai ya miƙo hannu, ya yi mini gaisuwa cikakkiya, gida da aiki da sanyi, kamar baƙon da aka gabatar masa yanzu. Abin yana ci mini rai, har haushi nake ji. Haba Alhaji, ni me na yi?

Da aka haifa mini ɗan fari, na je har ƙofarsa na durƙusa, na roƙe shi ya zo ya yi wa yaron huɗuba, don sunansa zan sa. Ya yi addu'a mai tsawo, ya ce in Allah ya yarda. Ran suna Hajiya ta zo ita kaɗai da atamfa da turare, ta ce Alhaji mura yake yi.